Gawar da Na Nuna wa Baffa a Alƙahira

Duk wanda ya taɓa zuwa Masar daga ƙasar nan ya san tambayar da ke jiransa in ya dawo. Kafin a tambaye shi Azhar, kafin a tambaye shi kogin Nilu ko dalar Giza, sai wani ya matso ya ce, "To, ka ga gawar Fir'auna?" Mun tashi muna jin ƙissar Annabi Musa, alaihissalam, a makarantar allo da wajen tafsirin azumi, kuma an sha gaya mana cewa gawar azzalumin nan tana nan a ajiye a Alƙahira. Saboda haka mai zuwa neman magani da ɗan kasuwa da ɗalibi, kowa yana da wannan buri a ransa ko bai furta ba. A kan wannan buri na yi wa wan mahaifina laifin da har yau nake jin nauyinsa. Na yanke shawarar rubuta shi ne domin na san a yanzu haka akwai masu shirin raka iyayensu can, kuma ramin da na faɗa yana nan a buɗe.

Ni ɗan Darki ne, a ƙaramar hukumar Wudil. Na yi karatu a Alƙahira, na dawo gida kafin juyin juya halin da ya kawar da Husni Mubarak a 2011. A gari irin namu wannan kaɗai ya isa a ce kai ne masanin Masar. Mai neman biza, mai neman asibiti, mai ɗan da ke son shiga Azhar, duk a ƙofar gidana ake sallama. Na saba da matsayin, na ji daɗinsa, har na manta cewa abin da na sani kullum tsufa yake yi. A zamanin ɗalibta na shiga gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, jan ginin nan da aka buɗe a 1902. A lokacin, in ka hau bene akwai ɗaki na musamman mai tikitinsa daban, inda sarakunan ke jere cikin akwatunan gilashi. A nan na ga Ramsis na Biyu, da dogon hancinsa da sauran gashi a gefen kai. Wannan hoton na riƙe, na yi sama da shekara goma ina ba da labarinsa a aji da majalisa, ba tare da na taɓa bincikar ko abubuwa sun canza ba.

A 2022 ciwon ido ya tsananta wa Baffa. Tun ina yaro yake da rumfar hatsi a kasuwar Darki, kuma mutum ne da aka shaida da awo da amana. In ya ce maka buhun nan kwano kaza ne, ba ka bukatar sake aunawa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya yi karatun littattafai a zaure, yana karanta Larabci da kansa kafin ido ya hana shi. An yi ta magani a Kano, daga baya likita ya ba da shawarar a fita da shi. Aka sayar da shanun huɗa, 'yan uwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Ba a ja zancen wanda zai raka shi ba, kowa ya san ni ne.

Daren da za mu tafi ya kira ni turakarsa. Na ɗauka maganar kuɗi ce ko wasiyya. Sai ya ce, "Ɗana, in Allah ya sa aka yi aikin nan na samu ko ɗan gani ne, abu ɗaya nake so ka yi mini. Ka kai ni na ga Fir'auna. Tun ina ƙarami nake jin labarinsa, gani kuwa ya kori ji." Na ce, "Baffa, ai wannan mai sauƙi ne. Na san gidan, na san ɗakin, ku kwantar da hankalinku." Washegari muka haye gadar Wudil zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ni ina riƙe da fasfo biyu, shi yana riƙe da kafaɗata.

Mun sauka a unguwar Madinatu Nasr, inda 'yan Afirka ke da yawa. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu, daga cikin yaran nan da ke taimaka wa marasa lafiya da tafinta da zirga-zirgar asibiti, shi ya samo mana masauki. Yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga ido in yana magana da babba. Wani dare muna shan shayi na ce masa in an gama aiki zan kai Baffa Tahrir ya ga sarakuna. Ya ɗan gyara zama ya ce, "Malam, ai kamar gawarwakin nan yanzu an..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Kai yaro, tun kana firamare nake shiga gidan nan." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Malam." Bai sake tayar da maganar ba, domin tarbiyyar da aka yi masa ba ta yarda ya yi jayayya da malami a gaban dattijo ba. Ni kuma na san da wannan tarbiyya, kuma da ita na rufe masa baki. Daga nan kuskurena ya fara.

Abin da yake son gaya mini, duniya ta riga ta sani. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, da daddare, gwamnatin Masar ta kwashe gawarwakin sarakuna 22 daga Tahrir, maza 18 da mata 4. An sa kowanne cikin akwati na musamman da aka cika da iskar da ke hana lalacewa, aka ɗora a mota ta kansa mai ɗauke da sunansa, aka jera su bisa tsarin zamanin mulkinsu, tun daga Sekenenre har zuwa Ramsis na Tara. A cikinsu akwai Siti na Ɗaya, da Tutmos na Uku, da sarauniya Hatshefsut, da Ramsis na Biyu, da ɗansa Mernefta. Aka yi musu rakiya da dawakai da kaɗe-kaɗe zuwa sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, a tsohon gari, inda shugaba Abdulfattah al-Sisi ya tarbe su, aka buga igwa 21. Gidajen talabijin na duniya sun nuna abin kai tsaye. Ni ma na ga guntun bidiyon a waya a lokacin, na ɗauka wani biki ne na jan hankalin masu yawon buɗe ido, na wuce ban karanta ko layi ɗaya ba. Minti biyu na karatu da sun ishe ni.

Aka yi wa Baffa aiki, Allah ya ba da sa'a gwargwado. Ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan yana ganin abu in ya matso kusa, amma ba ya iya karanta rubutu. Mun sami kwanakin hutu tsakanin ganin likita da ganin likita, waɗanda da na ga dama da na je ni kaɗai na duba wurin tukuna, ko na kai shi da safe cikin natsuwa. Ban yi ba. Na ajiye ziyarar sai ranar ƙarshe, ranar da jirginmu zai tashi da daddare, domin a ganina abu ne na awa ɗaya. Ganin likita na ƙarshe ya ja lokaci, cunkoson motocin Alƙahira ya cinye saura. Ba mu isa Tahrir ba sai da rana ta karkata, gidan kuwa da yamma ake rufe shi.

Na sayi tikiti, muka shiga. Ban tsaya da shi a ƙasa ba, duk da manyan gumakan dutse da ke ko'ina. Na nufi matattakala kai tsaye. Dattijo ne mai shekaru, ga zafin aiki, ga rashin gani. Kowane taki sai ya lalubo da ƙafa, yana numfashi sama-sama, yana cewa "Bismillah". Muka kai sama, na ja shi zuwa inda na sani. Babu sarakuna. Na tambayi wani ma'aikaci da Larabci, ya dube ni da mamaki ya ce ai tun bara suna Fusɗaɗ.

Baffa ya ji muna magana, amma Larabcin titin Alƙahira daban yake da na littafi, bai gane ba. Ya ce, "Me ya ce?" A daidai wannan lokacin gaskiya ba ta da tsada. Da na ce, "Baffa, na yi kuskure, an mayar da su wani gida," da mun sauka mun tari tasi. Fusɗaɗ 'yan kilomitoci ne daga Tahrir. Wataƙila mu riski wurin a buɗe, wataƙila mu tarar an rufe, amma ko wanne ne da na fita da mutuncina, shi ma da nasa. Sai na tuna abin da na ce masa a turakarsa, na tuna yadda na katse yaron nan, kunya ta rufe ni. Na ce, "Ya ce an ɗan matsar da su gaba."

Muka yi ta tafiya a saman benen, ni ban san abin da nake nema ba. Can muka iso wani sashe mai akwatunan gawa masu ruwan zinariya, da kujeru, da gadaje, da karusa. A tsakiya ga gawarwaki biyu cikin gilashi, namiji da mace. Namijin fuskarsa ba ta lalace ba ko kaɗan: ga hanci, ga leɓe, ga tsiron gemu, gashin kansa ya koma ruwan ɗorawa, hannayensa a naɗe a ƙirji. Baffa ya saki kafaɗata, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo da ido ɗayan. Sannan ya ce, muryarsa na rawa, "Shi ne wannan?"

Takardar bayanin tana gabana, da Larabci da Turanci. Na karanta ta. Na ce, "Shi ne, Baffa."

Ya yi kabbara. Ya karanta ayar nan ta cikin Suratu Yunus da ke maganar tsirar da jikin Fir'auna, hawaye na bin gefen bandejin. Ya ce, "Yau ga ka a kwance, kai da ka yi da'awar allantaka. Mulki na Allah ne." Ya sa na ɗauki hoton gawar da wayata. A cikin tasi yana ta sa mini albarka, yana cewa na cika masa burin da ya fi aikin idon a wurinsa. Kowace albarka da ya sa, ji nake kamar ana ɗora mini dutse.

Mutumin da na nuna masa sunansa Yuya, matar da ke gefensa kuma Tuya. Bai taɓa yin sarauta ba. Babban bafade ne daga garin Akmim, mai kula da dawakai da karusan sarki, kuma shi ne mahaifin Tiye, matar sarki Amenhotef na Uku. An gano kabarinsu a Kwarin Sarakuna da ke Luksor a 1905, da mafi yawan kayansu a ciki, shi ya sa aka ba su sashe guda. Da yake ba sarakuna ba ne, ba a tafi da su a jerin gwanon 2021 ba. Zamaninsa ya gabaci hawan Ramsis na Biyu mulki da kimanin shekara ɗari. Ban san addininsa a zuciya ba, ban san ƙarshensa a wurin Allah ba, amma na ɗauki sunan mafi girman azzalumi na liƙa masa, na sa dattijo ya tsaya a kansa yana masa gori. Daga baya na karanta cewa wani marubuci ɗan Masar, Ahmed Osman, ya taɓa fitar da littafi a 1987 yana iƙirarin wai Yuyan nan shi ne Annabi Yusuf, maganar da masana tarihi suka yi watsi da ita. Gawa ɗaya, wani ya kira ta annabi, ni na kira ta Fir'auna, kuma dukanmu babu mai hujja.

Wannan karatu da na shiga bayan mun dawo, don neman abin da zan kare kaina da shi, shi ya tona mini wani laifin da ya girmi na ranar. Ko da mun isa Fusɗaɗ, abin da zan gaya wa Baffa a can ma ba tabbas ba ne. Zan kai shi gaban Ramsis na Biyu na ce ga Fir'aunan Annabi Musa, kamar yadda na sha gaya wa ɗalibaina. Alhali Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Fir'auna laƙabin sarauta ne, sarakuna da yawa sun riƙe shi. Masu bincike sun kasu: wasu sun karkata ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki kimanin shekara 66, daga wajen 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu yana tsoho tukuf, wasu sun ce ɗansa Mernefta ne, wanda aka sami sunan Isra'ila a jikin wani dutse nasa da mai binciken kayan tarihi Flinders Petrie ya tono a 1896, wasu kuma sun kai lissafin zamanin da ya gabaci su biyun. Dutsen Mernefta ɗin ma yana cikin ginin Tahrir a ranar da muka je, mun wuce shi ban sani ba.

Sunan da aka fi kafa hujja da shi a wajen wa'azi shi ne Maurice Bucaille, likitan nan Bafaranshe da ya duba gawarwakin a tsakiyar shekarun 1970, ya fitar da littafinsa a 1976. Amma shi Bucaille Mernefta ya nuna, alhali yawancin bidiyon da ke yawo a wayoyinmu hoton Ramsis na Biyu suke sakawa, suna haɗa labarin da kai shi Faris da aka yi a 1976. Kai shi Faris kuwa don maganin wata funfuna ce da ta fara cin gawar, aka yi mata aiki aka dawo da ita a 1977. Sai maganar gishirin da ake cewa an samu a jikinsa, wai shi ne shaidar nutsewa a teku. Mutanen Masar na da, in za su adana gawa, sukan cire kayan ciki su binne jikin cikin wani gishiri dangin kanwa na tsawon makonni har ya bushe, sannan su naɗe shi da lilin. Kowace gawa da aka yi wa wannan aiki tana da gishiri, har da ta Yuya. Shi ma samun gawarwakin ba a bakin teku aka yi ba: Ramsis na Biyu a wata maɓoya ta Dairul Bahari aka same shi a 1881, Mernefta kuma a kabarin Amenhotef na Biyu a 1898, duk a yankin Luksor, inda malaman addininsu suka ɓoye su tun da daɗewa saboda ɓarayin kabari.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ya taɓa gaskiyar ayar. Manyan malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun yi bayanin cewa an jefo jikin Fir'auna waje ne domin Bani Isra'ila su gan shi su tabbatar ya halaka, kuma sun yi imani da haka ɗaruruwan shekaru kafin a tono ko ɗaya daga cikin gawarwakin sarakunan nan. Abin da ba mu da shi shi ne hujjar nuna wani akwatin gilashi mu ce lalle wannan ne. Ni da nake koyar da yara cewa kada su jingina wa addini abin da ba su tabbatar ba, na yi shekaru ina yin hakan da bakina.

A Darki kuwa labari ya riga ya bazu. 'Yan sannu da zuwa suna cika zaure, Baffa yana ba su labari dalla-dalla: gashin, gemun, yadda hannayen suke. Ranar kasuwa abokan cinikinsa daga ƙauyuka sukan tsaya a rumfa su ji daga bakinsa. Da yake ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, maganarsa ta zama hujja. Na ji wani yana gaya wa wani a masallaci cewa zancen gawar Fir'auna ya tabbata, tunda Alhaji ya gani da idonsa. Ina ji, ina yin shiru, ina gaya wa kaina cewa faɗin gaskiya yanzu zai karya masa zuciya, gara a bar shi da farin cikinsa. Yau na san ba zuciyarsa nake karewa ba, sunana nake karewa.

Abin ya zo ƙarshe wani dare bayan lisha a majalisar ƙofar gidansa. Wani matashi da ke karatu a jami'ar Wudil ya karɓi hoton ya duba, ya buɗe wayarsa ya nemo hoton Ramsis na Biyu, ya ce cikin ladabi, "Baba, kamar fa ba su yi kama ba." Wasu suka hau shi da faɗa. Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni ban iya karanta takardar ba, idona a rufe. Amma ga ɗana nan, a can ya yi karatu, shi ya karanta mini. Wannan ba zai yi mini ƙarya ba." Duk aka juyo ana kallona. Na ce dare ya yi, za mu yi maganar gobe. Ban runtsa ba.

Bayan sallar asuba na bi shi turaka, na durƙusa. Na ce, "Baffa, ku yafe mini. Wanda na nuna muku ba Fir'auna ba ne." Na gaya masa komai, tun daga yaron da na katse har zuwa abin da ma'aikacin ya faɗa. Ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka gaya mini a can, da ko mun je ko ba mu je ba, zan dawo na ce wa mutane ban gani ba. Rashin gani ba abin kunya ba ne, da ma makaho na tafi. Amma ka sa na ba da shaida a kan abin da ban sani ba. Shekara nawa ina awo a kasuwar nan ban tauye wa kowa ba, sai yanzu da furfura na raba wa mutane labarin da ba shi ba." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Shi kuma bawan Allahn da na tsaya a kansa ina faɗa masa magana, me ya yi mini?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ban taɓa kawo ta a raina ba sai da ya yi ta.

Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: duk inda labarin ya je, gyaran ma sai ya je. Da daddare a majalisa ya fara magana da kansa, yana neman ɗaukar laifin, wai tsufa da rashin ido. Ban bari ba. Na miƙe na faɗi abin da na yi, na ba matashin nan haƙuri a gaban waɗanda suka yi masa faɗa. Ranar kasuwa Baffa ya zaunar da ni a rumfarsa tun hantsi, duk wanda ya taɓa ba wa labarin in ya zo sai ya ce, "Tsaya, akwai gyara," ya sa na yi bayani. Wasu sun yi mamaki, wasu sun ce ai da an bar zancen, wani dattijo ma ya ji haushi don ya riga ya kai labarin garinsu. Na kira ɗalibin nan a waya na nemi afuwarsa. Ya ce shi ma abin ya dame shi, domin da ya daure ya ƙarasa maganarsa. Na ce masa laifin ba nasa ba ne. A aji kuma na tara ɗalibaina na janye abin da na daɗe ina koya musu game da Ramsis.

Abin da na fahimta shi ne, ƙaryar da na yi a gaban gilashin ba a wurin aka haife ta ba. Ƙin tambaya ya kai ni ga mummunan shiri, mummunan shiri ya matse ni a lungun da babu mafita sai na ce "ban sani ba" ko na yi ƙarya, ni kuma na daɗe da hana bakina furta "ban sani ba". Wanda ake ganin ya sani ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin ba mai bincikar maganarsa, kuma na ƙasa da shi suna jin nauyin gyara masa. In kuma wanda ka ja gaba ba ya gani, ko ba ya jin harshen, to duk abin da ka faɗa shi ne zai zama abin da ya gani.

Har yanzu nakan yi baƙin cikin abin da na hana shi a Fusɗaɗ, ba sarakunan kaɗai ba. Garin nan Amru bin al-As ne ya kafa shi bayan buɗe Masar, kuma masallacinsa, na farko a ƙasar, yana nan kusa da gidan tarihin. A Fusɗaɗ ɗin ne mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a ƙarni na 13, domin ɗalibai da alhazan ƙasarsu. Mutum irin Baffa, da ya yi sallah raka'a biyu a masallacin sahabi, da ya dawo da labarin da ba ya bukatar gyara. Yanzu ƙarfinsa ya ragu, ko rumfar ma 'ya'yansa ke zama, maganar sake tafiya ba ta taso ba.

Tun daga 2022 abubuwa sun sake canzawa. A ranar 1 ga Nuwamba, 2025, aka yi bikin buɗe babban gidan tarihin Masar da ke Giza, kimanin kilomita biyu daga dala, aka buɗe wa jama'a ranar 4 ga wata, daidai da ranar da aka gano kabarin sarki Tutankamun a 1922 ƙarƙashin jagorancin Howard Carter. Kayan Tutankamun sama da 5,000, har da fuskar zinariyar nan da ta daɗe a Tahrir, yanzu suna can, tare da gunkin Ramsis na Biyu mai tsawon mita 11 da ke tsaye a farfajiyar shiga, da jirgin ruwan sarki Kufu da aka tono a gindin dala a 1954. Wanda ya je a shekarar da muka je, in ya ba ka kwatance yau, shi ma zai iya ɓatar da kai.

Saboda haka, ɗan uwa mai shirin raka mahaifi ko mahaifiya Alƙahira: gidajen uku ne, kuma ba a wuri ɗaya suke ba. Gawarwakin sarakuna suna Fusɗaɗ, kayan Tutankamun suna Giza, tsohon gidan Tahrir yana nan da nasa kayan. Ka tambayi ɗaliban da ke zaune a can yanzu, ka bar su su ƙarasa maganarsu, ka tabbatar da lokacin buɗewa da rufewa da yadda ake sayen tikiti kafin ranar, musamman in azumi ne. Kada ka ajiye ziyarar sai ranar tashin jirgi, kuma ka tuna dattijon da aka yi wa aiki ba zai iya yawon da kai za ka iya ba. Tun kuna gida, kafin ku haye gadar Wudil, ka zaunar da shi ka gaya masa cewa zai ga sarakunan Masar na gaske da sunayensu a rubuce, amma babu takarda ko ɗaya a wurin da ta ce wannan ne Fir'aunan Annabi Musa.